Ƙuna a Ƙafar Hagu

Zuwa ga ƙanena Mai Walda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da abokan aikinka na wajen gadar nan da ta ƙi ƙarewa. Da fatan idonka ya daina ruwa, kuma kana sa gilashin aiki a ido, don na san ka da rataye shi a wuya kamar ado. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ce kawai ke ƙorafi idan na hau matakalar asibiti, ni kuma na daina sauraronta. Na leƙa gidanka ranar Lahadi. Maman Auta tana nan da ɗinkinta, sai yamma take baro shago. Auta ta zubar da haƙoran gaba biyu, tana magana iska na fita. Dogo kuwa ya kere ni tsawo, gaisuwarsa ma daga sama take saukowa yanzu.

Tunda wajenku waya ba ta shiga, na tsare direban motar kayanku na ba shi wannan takarda, don akwai abin da ya tsaya mini a rai kuma kai ne mutumin ƙarfe a gidanmu.

Ka san shekarata goma sha tara ina aiki a asibitin dabbobi, ka kuma san halina, abin da ban gane ba ba ya barina in ci abinci da daɗi. A cikin wata biyu an kawo mana kyanwa uku da ɗan kwikwiyo ɗaya, dukkansu da ƙuna iri ɗaya. Miƙaƙƙiya ce sak, tsawon gaɓar yatsa ɗaya, kaurinta ya ɗan fi na tsinken ashana. Kuma kullum wuri ɗaya, a bayan ƙafar gaba ta hagu, sama kaɗan da farata. Na ɗauko rula na auna su ɗaya bayan ɗaya, tsohon likitanmu yana tsaye yana mini dariya, wai in nemi aikin ɗan sanda in huta.

Na san ƙunar tafasasshen ruwa, yaɗuwa take yi. Na san ta garwashi, zagayayya ce. Dabbar da ta ƙone kanta da kanta kuwa a tafin ƙafa take ƙonewa, ko a gashin baki, ko a wutsiya. Babu kyanwar da za ta juya bayan ƙafarta ta ɗora a kan abu mai zafi, sai dai in riƙe ta aka yi.

Na zana maka girman abin a ƙasan takardar nan, daidai yadda yake. Wane ƙarfe ne yake barin irin wannan shaida? Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne duka huɗun daga layinku aka kawo su. Biyu na mai burodi ne, ɗaya ta tsohuwar malamar nan mai gidan kwana, kwikwiyon kuma na masu wankin mota. Ban kawo kowa a raina ba, son sani ne kawai yake cina.

Ka ci abinci, ka daina shan shayi a madadinsa.

Yayarka.

*

Yaya Likitar Kyanwoyi,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, ina rubuta wannan a kan durom lokacin hutun rana, don haka ki yi haƙuri da rubutun da kuma shatin man da ke gefe. Ido ya yi sauƙi. Gilashi yana ido, Allah shi ne shaida, sai dai idan gumi ya yi yawa. Ki gaida gwiwa, ki ce mata ta yi haƙuri da mai ita.

Gada tana tafiya. Mun haɗa ƙafa ta huɗu, saura biyu. Ina kwana ina tashi a sama, ruwa yana wucewa ƙarƙashina, kuma har yau ban iya iyo ba.

Na karanta wa mutanen ɗakinmu labarin rularki, har mai tuƙa kirani, injin ɗaga ƙarafa, ya ƙware da ruwa don dariya. Ya ce da matarsa za ta kula da shi rabin yadda kike kula da kyanwar mai burodi, da ya yi ƙiba.

Maganar ƙuna, Yaya, kada ki wahalar da kanki. Layinmu cike yake da babura. Kyanwa tana son ɗumi, za ta shige ƙarƙashin babur da aka kashe yanzu, ta goga ƙafa a salansa. Ko waya ce ta wuta a wajen masu wankin mota. Ƙarfe mai zafi ai ba ya ƙarewa a gari. Ki shafa musu maganinki ki sallame su.

Na ji daɗin labarin Dogo. Ranar da zan taho na ce masa shi ne namijin gida yanzu, ƙanwarsa amana ce a hannunsa daga tashin makaranta har uwarsu ta dawo. Ya gyaɗa kai. Yaron nan ba ya kuka, ba ya ƙorafi, irin da nake so ke nan. Idan kin je ki ce masa ya rufe akwatin kayan aikina da kwaɗo, kada damshi ya shiga. Ki ce ni na ce, kuma ya ba uwarsa makullin.

Ki sumbaci Auta, ki ce mata kada ta bari a ga wawulon nan a hoto.

Af, kin ce dukkansu a ƙafar hagu? Babu ko ɗaya a dama?

Ƙanenki.

*

Ƙanena,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Auta ta yi ɗan mura ta warke. Allah ya tsare ka a saman ruwan nan.

Na bi maganarka har wajen bakanike. Na tsuguna da gwiwar nan tawa na duba salansar babur shida, yaran gareji suna kallona kamar na zare. Babu wadda take da wuri siriri miƙaƙƙe irin wannan. Ka gaya wa mai kiraninku ya ci gaba da dariya, amma salansa ba ta zaɓen hagu.

Yanzu sun zama biyar. Ranar Talata maigadin makarantar ƙananan yara ya kawo karyarsa, tsohuwa ce mai sanyin hali. Ita ƙuna shida ce a jere a ƙafa ɗaya, kuma akwai shatin igiya a wuyanta da bakinta. Wanda ya yi wannan ya zauna ya natsu, ya mayar da ƙarfen wuta sau shida. Ina wanke ciwon tana lasar hannuna. Na daɗe ban ji ɓacin rai a wajen aiki irin na ranar ba.

A wannan karon tsohon likita bai yi dariya ba. Ya ce a shekarunsa na aiki ya koyi abu ɗaya, idan aka kawo dabba da ciwon ganganci, bayan ya tambayi wa ya yi, sai ya tambayi wane ne mafi ƙanƙanta a gidan mai yin. Ya ce ba kowane yaron da ya cuci dabba ne yake kai hannu kan mutum ba, amma ya ga waɗanda suka kai, kuma da wuya su fara da wanda ya fi su ƙarfi.

Na je gidanka in isar da saƙon akwati. Zan faɗa maka abin da na gani, ba ƙari. Baƙar kyanwar gidanku tana kwance a cinyar Auta. Dogo yana turo ƙofa ta yi tsalle ɗaya ta haye katanga, ta ƙi saukowa har na tafi. Kyanwar da a kafaɗarsa ta girma. Akwatinka a buɗe yake a bayan kicin, filaya tana sama, bakinta ya yi baƙi da hayaƙi. Na ba shi saƙonka, ya ce kwaɗon ya ɓata.

Sannan Maman Auta ta nuna mini takarda daga makarantarsu, wadda ta ɓoye maka don kada hankalinka ya tashi. Dogo ya murɗe hannun wani ɗan aji ɗaya har ya kumbura. Malaminsu ya ce abin da ya ba shi mamaki babu faɗa a tsakaninsu, kuma da aka zo raba su Dogo ba ya huci, fuskar yaron kawai yake kallo.

Ban ce shi ne ba. Ban gan shi da idona ba, kuma yaron nan ni na fara yi masa wanka. Ina dai son in gane me yake faruwa a cikin kansa, don na tambaye shi makaranta, na tambaye shi ƙwallo, amsarsa ɗaya ce, lafiya lau Gwaggo.

Ga roƙona. Ka bari Auta ta riƙa zuwa wajena a asibiti bayan makaranta, ta zauna a ofis ta yi zane har uwarta ta tashi. Na yi wa Maman Auta maganar, ta ce kai ka tsara zaman yaran, ba za ta canza ba sai da bakinka. Ni ma ba na son in tsallake ka a kan gidanka. Ina jiran amsa da motar mako mai zuwa.

Kuma me ya sa ka tambaye ni hagu?

Yayarka.

*

Yaya,

Na gaishe ki. Ina lafiya.

Na karanta takardarki sau uku. Abin da na fahimta shi ne ɗana mugu ne, matata ba ta iya riƙon gida ba, ni kuma na gudu na bar su. In ba haka kike nufi ba, to haka ya iso nan.

Kin ce ba ki ce shi ne ba, amma kin jera kyanwa da filaya da takardar makaranta kamar mai shirya shari'a. Kyanwa ta hau katanga, shi ke nan yaro ya zama mai laifi? Filaya tawa ce, shekara goma tana shan wuta, da wane launi kike so ki gan ta? Wane yaro ne bai taɓa murɗe hannun wani ba? Ni da kike gani sau nawa aka kawo ƙarata gida, ke kina tsaye kina ba da haƙuri?

'Ya'yanki mata ne su uku, Yaya, Allah ya raya su. Rainon namiji daban ne. Dogo yana shekarun da idan aka nuna masa ba a yarda da shi ba, zai lalace da gaske. Ni na damƙa masa ƙanwarsa a gaban uwarsa. Idan aka ɗauke ta yau, me aka gaya masa? Me aka gaya wa maƙwabta? Za a ce a gidan mai walda an raba wa da ƙanwa saboda kyanwar mai burodi.

Ban yarda ba. Auta ta zauna a gidan ubanta. Tsohon likitanku ya tsaya kan karnukansa, bai san ɗana ba.

Maganar hagu tambaya ce kawai, kamar yadda ke ma kike tambaya.

Na san don Allah kike yi. Amma ki bar wannan maganar haka nan.

Ƙanenki.

*

Ƙanena,

Gaisuwa a taƙaice. Kowa yana da rai, kada gabanka ya faɗi fiye da kima. Amma ka zauna kafin ka ci gaba.

Kwana ashirin da uku ina jiran amsarka. Direba ya ce ruwa ya yanke hanya, motar ta kwana biyu a laka, sannan ta yi mako biyu a gareji da takardarka a aljihun gaba. Ni kuma na zauna ina jira kamar wawuya, kullum ina cewa gobe. Wannan laifina ne, kuma ban da wanda zan ɗora wa.

Ranar Laraba da azahar ina cire wa wani rago ɗinki, sai ga Maman Auta ta shigo da tef ɗin awo a wuyanta, takalmi ɗaya a ƙafa, Auta a kafaɗa. Maƙwabciya ce ta ji kukan ta aika a kira ta daga shago. Na ce me ya sa ba ku wuce asibitin mutane ba? Ta ce Auta ce ta dage, wai Gwaggo ce take gyara irin wannan. Ka ji, ashe ta san inda kyanwoyin suke zuwa, ta kuma san me ya same su.

Ƙuna ce, a bayan hannunta na hagu. Ban ɗauko rula ba.

Na sa hannun a ruwan famfo mai sanyi, na rufe da bandeji, muka kai ta asibiti. Sun ce zai warke, yatsu ba su taɓu ba, tabo dai zai zauna. A hanya Auta ta ba ni labari tana shessheka. Ta ce ta je za ta taɓa dutsen guga ne, sai Yaya Dogo ya ce bari ya koya mata wuta yadda ba za ta sake mantawa ba. Ya ɗauko wani guntun ƙarfe daga akwatin Baba, ya riƙe da filaya a kan murhun gas. Ya ce idan ba ta yi kuka ba zai ɗaga hannunta sama ya tafa mata. Ita da kanta ta miƙa hannun, ƙanena, don tana son ya tafa mata. Da ta fasa ihu, ta ce sai ya ja da baya yana cewa ba haka ake yi ba, ba haka ake yi ba.

Da yamma na je na same shi a bayan kicin, zaune a ƙasa kusa da akwatin. Na tafi da niyyar marinsa, ba zan ɓoye maka ba. Da na gan shi sai tambaya ta rinjayi fushi. Na ce kai ne na kyanwoyin? Ya ce eh. Karyar maigadi? Ya ce eh. Na ce me ya sa hagu? Ya ce saboda dama ta aiki ce. Ya faɗe shi kamar mai karanto abin da aka biya masa.

Sai na kama hannunsa na hagu na juya. Akwai tsohon tabo a wurin, ya yi fari, tsawon gaɓar yatsa. Uwarsa ta ce ka gaya mata tsautsayi ne ya same shi a shagonka lokacin hutu. Na ce wa ya yi maka wannan? Ya janye hannun ya ce, ki tambayi Baba.

To ga shi ina tambayar Baba.

Auta tana gidana, da izininka ko babu. Wan Maman Auta ya zo da bel a hannu, yana cewa a yi masa dukan da zai tuna, sannan a kai shi gidan horon yara. Na tsaya a bakin ƙofa na ce babu mai taɓa shi sai an ji daga ubansa. Ban san kwana nawa zan iya tare shi ba, kuma Maman Auta ba ta iya kallon ɗanta ba tun ranar.

Takardarka ta iso washegari. A tsaye na karanta ta. Ban ji haushin maganar 'ya'ya mata ba, na ajiye ta sai ka dawo.

Yayarka.

*

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Yaya hannun Auta? Tana iya barci? Tana cin abinci?

Tun takardarki ta farko na sani. Ranar da ta iso na zura hannu a aljihun rigar aiki na ciro guntun sandar walda, irin wanda yake ragewa idan sanda ta cinye, na ɗora a kan zanenki. Ya zauna daidai kamar da shi kika zana. Na mayar aljihu, na rubuta miki maganar salansa. Na ce a raina ai layin akwai wani mai walda. Na ce in aka rufe akwati magana ta ƙare. Da kika matsa sai na yi fushi, don fushi ya fi mini sauƙi.

A shagon da na koyi aiki haka ake yi. Makon farko na sabon yaro, maigida zai gama walda, ya cire guntun da zafinsa, ya ce kawo hagu. Taɓawa ɗaya. Wai don kada ka taɓa ɗaukar ƙarfe ba ka gwada ba, saboda ƙarfe mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya a ido. Idan ba ka yi kuka ba sai a ɗaga hannunka, manya su buga guduma a kan tebur, daga ranar ka zama ɗan shago. Ina da shekara goma sha biyu aka yi mini. Ban taɓa kiran abin mugunta ba, koyarwa nake ce masa.

Hutun da ya wuce Dogo ya zo shagona yana taya ni. Rana ta huɗu ya kai hannu zai ɗauki ƙarfen da na gama yankewa. Na daka masa tsawa, abokan aiki suka ce ai lokaci ya yi. Na ce kawo hagu. Yaya, ya kalle ni ya miƙo. Bai yi kuka ba, ko ƙwalla. Na ɗaga hannunsa sama, aka buga guduma, na ce wannan ɗana ne. Tun jiya nake lalube a kaina ko akwai wata rana da na taɓa faɗin haka a gaban mutane, ban samu ba. Bayan mako biyu na hau mota na taho nan.

Akwai abin da na kasa ganewa, ko ke za ki gane. Mu bakwai aka yi wa a shekarata. Ban san ko ɗaya da ya koma gida ya ƙona kyanwa ba. Me ya sa nawa? Na yi ta juya wannan a sama ina aiki har na ɓata haɗi biyu. Sai na tuna abin da ban so tunawa ba. Da aka kawo yaron da ya biyo bayana, ya ƙi miƙa hannu, maigida ya ce wa zai riƙe shi. Ni na fara tashi. Kuma na ji daɗin riƙon.

Na je wajen shugaban aiki. Ya ce a bari a haɗa ƙafa ta biyar, in na tafi yanzu kada in sa ran wurina yana jirana. Na ce na ji. Motar da za ta dawo mako mai zuwa da ni za ta taho.

Ki roƙar mini surukina ya ajiye bel ɗin. In duka ne, ga wanda ya dace da shi yana zuwa. Kada a kai yaron ko'ina. Ki karanta wa Dogo wannan takardar duka, har wajen da na riƙe yaron, kada ki tsallake.

Maganar 'ya'ya mata, ki yafe ni.

Ƙanenki.

*

Ƙanena,

Direba zai miƙa maka wannan, shi kuma zai ɗauko ka, don haka ka karanta a hanya. Muna lafiya. Hannun Auta ya fara ƙaiƙayi, alamar warkewa ke nan. Tana ci tana wasa da 'yan'uwanta. Surukinka ya mayar da bel ƙugunsa, ya ce zai jira ka.

Na karanta wa Dogo takardarka a tsakar gida, uwarsa tana zaune a bakin ƙofa. Ban tsallake komai ba. Da na gama sai ya ce, Gwaggo, shi Baba ya ji zafi da aka yi masa? Na ce ƙwarai. Ya ce to me ya sa yake dariya da ya yi mini?

Daga nan bakinsa ya buɗe, na yi ta tambaya yana ba ni amsa. Ya ce nasa ya yi mako uku yana masa zogi, bai gaya wa kowa ba don kada a ce ya kasa. Kyanwa ta farko, wai so yake ya ga ko akwai abin da ake yi wa haka ya yi shiru. Ta yi ƙara ta yakushe shi. Ya gwada wata, ya gwada wata. Na ce karyar maigadi fa, har sau shida? Ya sunkuyar da kai ya ce ita ba gwaji ba ne, a lokacin ya fara jin daɗin abin, idan yana yi sai ƙirjinsa ya yi sanyi. Na ce ɗan aji ɗaya? Ya ce shi ma haka. Na rubuta maka yadda ya faɗa don kada ka iso da tunanin haƙurinka kaɗai zai wanke komai. Tambayarka ta me ya sa naka, ban da amsarta. Na dai ga an yi masa, an tafa, sannan aka bar shi shi kaɗai da akwati da ƙaramar yarinya.

Akwai wata likita a asibitin da aka duba Auta, aikinta zama da yara irinsa. Mun je sau ɗaya, ta ce tana son ganinka kai ma. Tsohon likitanmu ya ce in kawo Dogo ya riƙa wanke keji ko zuciyarsa ta yi laushi. Na ce ba yanzu ba, marasa lafiyata ba kayan koyo ba ne. Na dai kai shi wajen maigadi da mai burodi da sauran, ya faɗa da bakinsa. Karyar tana jin muryarsa ta shige ƙarƙashin benci. Ya tsaya yana kallon bencin, a nan ne na ga ƙwallarsa karo na farko.

Ni ma akwai nawa. Tun farkon abin nan nake neman inda na san wannan shaida. Ashe a gidanmu na san ta. Ranar da ka dawo daga shago da hannu a cikin riga, Inna ba ta nan, ni na zaunar da kai a kan turmi na shafa maka man shafawa. Kana ta cije leɓe, na ce yauwa, namiji ba ya kuka. Ina da shekara goma sha bakwai, ina jin na yi abin kirki. Da na tambaye ka wa ya yi maka, da wataƙila yau ba mu nan.

Jiya Dogo ya zo gidana da uwarsa lokacin da nake canza wa Auta bandeji. Ya ce ko zai riƙe mini almakashi. Tana ganinsa ta mayar da hannun bayanta, ta matso jikina. Ban tilasta ta ba, shi ma bai matso ba. Ya ajiye almakashin a kan tebur ya koma bakin ƙofa ya tsaya har na gama.

Bayan sun tafi na gaya mata kana hanya. Na ɗauka za ta yi tsalle. Sai ta dubi bandejin ta ce, Gwaggo, Yaya Dogo ya ce Baba ne ya koya masa. Na ce haka ne. Ta ce, to idan Baba ya dawo, ni ma zai sake koya mini ne, tunda na yi kuka?

Ni zan iya ce mata a'a sau ɗari, amma ba daga bakina take son ji ba. Idan ka sauka kada ka wuce gida, ka fara biyowa ta nan. Tana tashi daga makaranta ƙarfe ɗaya.

Yayarka.